Raunin Tsaro a Kayan Aikin Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta



Gabatarwa

Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau, wanda bai zurfafa tunani ba zai ɗauka na masu sana'ar kwamfuta ne su kaɗai, ba ruwan akawu, ba ruwan malamin asibiti. Amma kuwa duk wanda albashinsa ke shiga banki ta na'ura, ko wanda aka ɗauki hoton yatsunsa domin lambar banki ko katin ɗan ƙasa, ko ɗalibin da ke duba sakamakon jarrabawa a waya, to dukiyarsa da asirinsa suna hannun manhaja. Ita kuwa manhaja mutane ne suke rubuta ta, da kayan aiki, kamar yadda maƙeri ke ƙira da uwar maƙera da masaba da awartaki.

Yawancin abin da ake ji game da tsaron kwamfuta gargaɗi ne ga mai amfani da ita: kada ka ba kowa kalmar sirrinka, kada ka buɗe saƙon da ba ka san mai shi ba. Wannan gargaɗi daidai ne. Sai dai ni zan koma baya da taki guda, in tambaya: idan kayan aikin da aka rubuta manhajar da su ne aka yi wa algus fa? Zan fara da bayanin kayan aikin, sa'an nan in kawo gargaɗin da wani masani ya yi tun 1984, in bi shi da abubuwan da suka auku suka gaskata shi, in ƙare da abin da ya wajaba a kan ɗalibai da ma'aikata.

1. Kayan aikin da dalilin da ya sa ake harinsu

Kayan aikin mai rubuta manhaja suna da yawa, amma huɗu ne suka fi shafar maganarmu.

Na farko shi ne allon rubutu, wato manhajar da yake buɗewa ya rubuta umarninsa a ciki. Akwai tsofaffi irin su Emacs da Vim, akwai na baya-bayan nan irin su Visual Studio Code na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015, kuma a binciken da Stack Overflow ya yi a 2023 da 2024 fiye da kashi 70 cikin 100 na masu sana'ar da suka amsa suka ce suna aiki da shi.

Na biyu shi ne tafinta. Mutum yana rubuta umarni da harshen da ɗan'adam zai iya karantawa, kamar C ko Java, ita kuwa na'ura ba ta jin kome sai lambobi. Tafinta shi ne manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura.

Na uku su ne rumbunan aro. Ba wanda ke rubuta manhaja daga tushe har bisa shi kaɗai. Yakan ɗebo guntaye da wasu suka riga suka rubuta daga rumbuna irin su npm da PyPI, kowane guntu kuwa yakan jawo wasu guntayen a bayansa, har ka ga ƙaramin aiki ya dogara da rubutun ɗaruruwan mutanen da mai aikin bai taɓa jin sunansu ba.

Na huɗu shi ne injin haɗi, wato kwamfutar da ke tattara rubutun ma'aikata duka, ta miƙa wa tafinta, ta buga hatimin kamfani a kan abin da ya fito, ta aika wa masu saye.

Me ya sa ɓarawo zai bar gidajen jama'a ya nufi waɗannan? Dalili na farko shi ne yaɗuwa: wanda ya zuba guba a ƙwarya ya cuci mutum ɗaya, wanda ya zuba a rijiya ya cuci gari. Na biyu, kwamfutar mai rubuta manhaja cike take da mabuɗai: na rumbun kamfani, na hatimi, na ma'ajiyar bayanan jama'a. Na uku kuwa shi ne mafi wuyar magani. Su waɗannan kayan aiki an ƙera su ne domin su zartar da umarni, wannan shi ne aikinsu na halas. Saboda haka tsakanin amfaninsu da cutarsu tazarar ba ta da yawa.

2. Gargaɗin Ken Thompson

A 1983 aka ba Ken Thompson da Dennis Ritchie lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a ilmin kwamfuta, saboda aikin da suka yi na ƙirƙiro Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Laccar da Thompson ya yi ta karɓar lambar an buga ta a 1984 da sunan "Reflections on Trusting Trust", kuma ba ta wuce shafi uku ba. Ina roƙon ku saurari dabarar da ya bayyana mataki-mataki, domin ita ce tushen duk abin da zai biyo baya.

Mataki na farko: a koya wa tafinta cewa duk lokacin da ya ga ana ba shi manhajar da ke tsaron ƙofa, wato mai tambayar suna da kalmar sirri, to ya saka ɓarauniyar hanya a cikin fassararsa, ta yadda wata kalma da maƙerin ya sani za ta buɗe kowane asusu. Wanda ya karanta rubutun manhajar tsaron ƙofa ba zai ga kome ba, domin rubutun lafiya lau yake, fassarar ce aka gurɓata. Amma wanda ya karanta rubutun tafintan kansa zai kama algus ɗin.

Mataki na biyu shi ne maganin wannan. Shi tafinta ai manhaja ne, kuma da tsohon tafinta ake fassara sabo. To, sai a ƙara koya masa abu na biyu: duk lokacin da ya ga rubutun tafinta aka ba shi, ya saka darussan nan biyu a cikin sabon da zai haifa.

Mataki na uku: a fassara wannan gurɓataccen rubutu sau ɗaya, a ajiye abin da ya fito a matsayin tafintan aiki, sa'an nan a goge algus ɗin daga rubutun baki ɗaya. Daga ranar, rubutun tafinta tsarkakakke ne, rubutun mai tsaron ƙofa tsarkakakke ne, kowa na iya karantawa, amma cutar tana bin zuriya daga tafinta zuwa tafinta ba tare da ta bar sawu a takarda ba.

Ku kwatanta da kasuwar hatsi. Idan wani ya bubbuga gindin mudunsa, mai duba awo zai kama shi, domin yana da mudun gwaji. To, idan mudun gwajin ne aka bubbuga, kuma da shi ake gwada duk sabon mudun gwaji da za a ƙera? Kowa zai rantse awonsa daidai ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, alhali kuwa gari duka ana tauye shi. Darasin da Thompson ya fitar shi ne, karanta rubutu kome ƙwarewa ba ya isa ya tabbatar da amincin manhaja, a ƙarshe amana ga mutanen da suka yi ta ake komawa. Shi da kansa ya ambaci cewa ya samo tunanin daga wani rahoton sojan sama na Amurka a kan tsaron tsarin Multics.

3. Yadda gargaɗin ya tabbata

Shekaru da yawa ana ɗaukar wannan magana wasa ƙwaƙwalwa ce ta masana. A 2009 aka gano wata ƙwayar cuta mai suna Induc, wadda ke neman tafintan harshen Delphi a kwamfuta ta gurɓata shi, daga nan duk manhajar da aka fassara da shi sai ta fito ɗauke da cutar. Ba ta yi wata ɓarna ba bayan yaɗuwa, amma ta nuna abin mai yiwuwa ne a fili.

A watan Satumba na 2015 sai ga XcodeGhost. Xcode shi ne kayan aikin da kamfanin Apple ke bayarwa kyauta ga masu rubuta manhajar iPhone. Babban fayil ne ƙwarai, kuma a lokacin saukar da shi daga Apple yana ɗaukar lokaci mai tsawo a ƙasar Sin. Wasu suka ɗora kwafinsa a ma'ajiyoyin cikin gida inda ake saukewa da sauri, bayan sun yi masa algus. Masu sana'a na ƙwarai, a kamfanoni na ƙwarai, suka ɗauka suka yi aiki da shi, manhajojinsu suka wuce binciken kantin Apple, har da WeChat mai ɗaruruwan miliyoyin masu amfani. Kamfanin tsaro na FireEye ya ƙirga manhajoji fiye da 4,000 da abin ya shafa. Ina so ɗalibanmu su lura da musabbabin: jinkirin intanet ne ya kai mutane ga kwafin da ba na asali ba. Wanda ya san yadda muke karɓar manhaja hannu da hannu a filashi saboda tsadar data ya san wannan ƙofa a buɗe take a wurinmu.

Na uku shi ne SolarWinds, kamfani a jihar Tekzas ta Amurka mai sayar da Orion, manhajar sa ido a kan kwamfutocin manyan ma'aikatu. Masu kutse ba su taɓa rubutun da ke ma'ajiyar kamfanin ba. Sun dasa wata manhaja a injin haɗi, tana fakon lokacin da za a haɗa Orion, sai ta musanya fayil ɗaya da nata, idan an gama ta mayar da na asali. Abin da ya fito aka buga masa hatimin kamfani na gaskiya, aka aika a matsayin sabuntawa daga Maris zuwa Yuni na 2020. Abokan ciniki wajen 18,000 suka sauke. Ba a gane ba sai a Disamba, lokacin da FireEye ke binciken kutsen da aka yi masa shi kansa. Gwamnatin Amurka ta ce an shiga hukumominta tara da kamfanoni wajen 100, kuma a Afrilun 2021 ta ɗora alhakin a kan hukumar leƙen asirin waje ta Rasha. Abin lura a nan, waɗanda suka bi shawarar masana suka sabunta manhajarsu a kan kari su ne suka kamu. Hatimi yana shaida inda abu ya fito, ba ya shaida lafiyarsa.

4. Allon rubutu: buɗewa ma haɗari ce

Yanzu mu zo ga allon rubutu. Hankali yana ba mutum cewa karanta fayil ba ya cutarwa, sai an zartar da shi. Wannan zato ya sha ruɗin masu sana'a.

Allon Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, yana da wata al'ada ta sauƙaƙawa: ana iya rubuta layi a farkon fayil ko ƙarshensa da ke gaya wa allon yadda zai tsara shafi. A 2019 wani mai bincike, Armin Razmjou, ya nuna cewa ta wannan layi ana iya sa Vim da Neovim su zartar da kowane umarni da zarar an buɗe fayil. An toshe kafar a bugu na 8.1.1365.

A Janairun 2021 sashen binciken barazana na Google ya ba da rahoton wasu masu kutse da gwamnatin Koriya ta Arewa ke mara wa baya, waɗanda suka yi shigar masu bincike, suka ƙulla abota da ƙwararrun tsaro, sa'an nan suka ce a zo a yi aiki tare, suka aika musu da kundin aiki na Visual Studio. A cikin kundin akwai umarnin da ke tashi da kansa lokacin haɗi. Waɗanda aka nufa kuwa mutane ne da aikinsu ke nan kama irin wannan. A tsakiyar shekarar, Visual Studio Code ya shigo da tsarin da ke tambayar mutum, duk lokacin da ya buɗe sabon kundi, ko ya amince da masu shi. Tambaya ce mai amfani, amma ga wanda ya karanta ta kafin ya danna.

Akwai wani rauni da nake so in daɗe a kansa, domin mu Hausawa mun fi wasu saurin fahimtarsa. Muna da rubutu biyu, ajami daga dama zuwa hagu, boko daga hagu zuwa dama, kuma wanda ya taɓa saka kalmar Larabci a tsakiyar jimlar boko a kwamfuta ya ga yadda kalmomi ke tsalle. Domin daidaita wannan, tsarin haruffa na duniya, Unicode, ya tanadi wasu alamomi da ido ba ya gani, aikinsu su ce wa allo daga nan juya dama, daga nan koma hagu. A Nuwamban 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij a Ingila suka nuna cewa ana iya amfani da alamomin nan a cikin rubutun manhaja a sauya jerin kalmomi a idon mai karatu. Shi tafinta yana bin haruffa yadda aka ajiye su, shi kuwa allo yana nuna su yadda alamomin suka umarta. Sai mai dubawa ya ga sharaɗi da ke cewa kada a buɗe sai ga shugaba, alhali a wurin tafinta wannan sharaɗi bayanin gefe ne kurum wanda ba a aiki da shi. Suka kira dabarar Trojan Source, suka gwada ta a kan C da C++ da Java da Python da Rust da Go da wasunsu, ta yi aiki. Suka kuma nuna 'yar'uwarta, ta haruffa masu kama da juna. Mu a Hausa mun san bambancin kafa da ƙafa ɗan lanƙwasa ne a kan harafi, amma aƙalla ana ganinsa. Harafin "a" na boko da takwaransa na rubutun Rashanci kuwa ido ba ya raba su sam, ga na'ura kuma haruffa biyu ne dabam. Bayan rahoton, GitHub da Visual Studio Code suka fara yi wa irin waɗannan alamomi tambari, tafintan Rust ya fara ƙin karɓarsu.

Sai kayan ƙari, wato ƙananan manhajoji da ake maƙala wa allo domin ya ƙara iyawa ko ya canza launi. Kayan ƙari na Visual Studio Code suna aiki da cikakken ikon mai kwamfutar: suna iya karanta fayilolinsa, su aika da su waje. A 2024 wasu masu bincike a Isra'ila suka kwaikwayi wani sanannen kayan launi mai suna Dracula, suka musanya haruffa biyu ya zama Darcula, suka ɗora a kasuwar Microsoft domin gwaji, suka ba da rahoton cewa ya shiga kwamfutocin kamfanoni da hukumomi fiye da 100. A Yulin 2025 kamfanin Kaspersky ya ba da labarin wani mai rubuta manhaja a Rasha da aka sace wa kuɗin kirifto na kimanin dala 500,000, bayan ya saka jabun kayan ƙari na harshen Solidity daga kasuwar Open VSX.

5. Rumbun aro da nauyin amana

A Nuwamban 2018 aka gano cewa wani guntu a rumbun npm mai suna event-stream, wanda ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, yana ɗauke da umarnin satar kuɗi daga jakar kirifto ta Copay. Mai shi na asali ya daina amfani da shi, wani baƙo ya ce zai ci gaba da kula da shi, ya miƙa masa mabuɗi. Ba a fasa ƙofa ba, roƙa aka yi aka bayar.

Wanda ya fi wannan tayar da hankali shi ne na XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Mutum ɗaya ne ɗan ƙasar Finlan, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita ba da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, wasu asusun kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki ba ya sauri, ya nemi mataimaki. Cikin kimanin shekara biyu Jia Tan ya zama abokin riƙo. A Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da bugu na 5.6.0 da 5.6.1, ɗauke da ɓarauniyar hanya da aka ɓoye a cikin fayilolin gwaji, wadda umarnin haɗi ke tono ta ya dasa. Manufarta ita ce ba mai wani mabuɗi damar shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH, wadda da ita ake tafiyar da manyan kwamfutocin bankuna da gwamnatoci.

Yaya aka kama? Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, mai aiki a kan PostgreSQL, yana auna saurin wani abu dabam, sai ya lura shiga ta SSH ta ƙara kimanin rabin daƙiƙa, kuma tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima. Bai kau da kai ba, ya bi sawu har ya kai tushe, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. A lokacin cutar ta shiga bugun gwaji na Debian da Fedora, ba ta kai ga tabbatattun bugunsu da ma'aikatu ke amfani da su ba. Hakin da ka raina shi kan tsone maka ido: rabin daƙiƙa ya tsaya tsakanin duniya da babbar masifa. Tsaron da ya dogara da sa'a irin wannan kuwa ba abin kwanciya a kai ba ne.

A Satumban 2025 kuma aka ga tsutsar Shai-Hulud a npm. Idan ta shiga kwamfutar mai rubuta manhaja sai ta sace mabuɗinsa na rumbu, ta gurɓata sauran guntayensa ta sake fitar da su da sunansa. Hukumar tsaron intanet ta Amurka ta ce guntaye fiye da 500 abin ya shafa.

6. Sabuwar kafa: mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira

A 'yan shekarun nan an saka wa allunan rubutu mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke karanta fayiloli, su yi gyara, su zartar da umarni a madadin mutum. Rauninsu shi ne ba su da tabbatacciyar hanyar raba umarnin maigida da rubutun da suka tsinta a cikin aiki. Kamar masinja ne da aka aika ya ɗauko fayil, ya tarar an rubuta a ciki cewa duk wanda ya karanta wannan ya buɗe asusun ofis, shi kuwa ya je ya buɗe. A Agustan 2025 aka bayyana raunuka irin wannan a allon Cursor da kuma GitHub Copilot, inda rubutun da aka dasa ke sa mataimakin ya canza saitin allon ya ba kansa izinin zartarwa, aka kuma gyara su. Wata guda kafin nan, wani ya cusa umarnin goge fayiloli a bugu na 1.84.0 na kayan ƙarin Amazon Q, har aka fitar da shi ga jama'a. Kamfanin ya ce kuskuren rubutu ya hana umarnin aiki, ya janye bugun.

7. Abin yi

Tambayar Thompson ba ta rasa amsa gaba ɗaya ba. David Wheeler, a takardarsa ta 2005 da kundin digirinsa na 2009, ya nuna cewa idan aka fassara rubutun tafinta da wani tafinta dabam wanda ba su haɗa zuriya ba, sa'an nan aka sake fassara rubutun da abin da ya fito, to sakamakon ya kamata ya yi daidai da tafintan da ake tuhuma, harafi da harafi. Idan suka saɓa, akwai magana. Wato a gwada mudu da mudun wani gari. A kan irin wannan tunani Debian da wasu suke aikin tabbatar da cewa duk wanda ya haɗa rubutu ɗaya, a ko'ina yake, zai sami sakamako ɗaya, domin a iya kama injin haɗin da ya yi algus.

Ga ɗalibai masu koyon sana'ar, ina da shawara biyar. Ku ɗauki kayan aiki daga tushensu, idan kuwa tilas ta sa kun karɓa a filashi, ku gwada lambar tantancewar fayil ɗin da wadda masu shi suka buga. Kundin da ba ku san mai shi ba, ku buɗe shi a taƙaitaccen yanayi ko a keɓaɓɓiyar kwamfuta, musamman wanda aka aiko da sunan gwajin ɗaukar aiki. Ku rage kayan ƙari, ku duba sunan kowanne da na mai shi harafi-harafi. Kada ku ajiye mabuɗai a cikin rubutu, kuma ku sa wa asusunku tabbaci na biyu bayan kalmar sirri. Kada ku ba mataimaki izinin zartar da umarni ba tare da kun gani ba.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu rubuta sharuɗɗan kwangila da masu karɓar aiki, nauyinku ya fi. Idan ma'aikata za ta sayi manhaja, tambaya ba ta ƙare a kan farashi da ranar kawowa ba. A nemi ɗan kwangila ya kawo jerin duk guntayen aro da ya zuba a ciki, kamar yadda ake rubuta abin da magani ya ƙunsa a jikin kwalba. Gwamnatin Amurka ta shigo da wannan a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 14028 na Mayun 2021, bayan abin da ya faru da SolarWinds. A tambaye shi a wace kwamfuta ake haɗa manhajar, su wa ke da mabuɗinta, wa zai toshe kafa idan ta bayyana bayan an biya kuɗi, kuma cikin kwana nawa. A tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin sa'a 72 idan aka yi ɓarakar da ke iya cutar da mutane. Cewa laifin na ɗan kwangila ne ba ya sauke wannan nauyi daga kan ma'aikata.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, idan muka duba misalan nan za mu ga kaɗan ne daga cikinsu aka yi da ƙarfin tsiya. A Sin gaggawa aka yi amfani da ita, a XZ gajiyar mutum ɗaya, a Visual Studio abota, a SolarWinds hatimi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa galibi tana wurin da aka yarda aka daina dubawa. Ba za a iya aiki ba tare da yarda ba, domin ba mai iya karanta duk rubutun da kwamfutarsa ke zartarwa. Abin da ake iyawa shi ne mutum ya san su wa ya yarda da su, ya rage yawansu, ya taƙaita ikon da ya ba kowannensu, ya kuma ajiye hanyar gwada aikinsu da awon wani. Wannan aiki ne na jami'a a wurin koyarwa, na ma'aikatu a wurin saye, na ɗalibi tun daga ranar da ya fara buɗe allo.